Mai Kaya da Mai Hoto a Bakin Iku

Takardun kuɗin Nijeriya guda biyu suna ɗauke da mata masu neman na kansu. A bayan naira 10 akwai matan Fulani biyu da ƙoren nono a ka, ba a faɗi sunansu ko rugarsu ba. A bayan naira 20 kuwa, tun sabon fasalin da Babban Banki ya fitar a 2007, mace ce tana ginin tukunya, kuma kowa ya san sunanta: Ladi Kwali. Dukansu sana'a suke yi, amma ɗaya ce kaɗai za a iya tambayar kayanta da suna, a kuma nuna inda ta zauna ta yi aiki. Wurin shi ne garin nan da ke bakin kogin Iku, a gindin duwatsun Abuchi, wanda a zamaninta ake kira Abuja, yau kuma ake kira Suleja.

An haifi Ladi a ƙauyen Kwali wajen 1925, cikin Gbagyi, inda ginin tukwane aikin mata ne. Tulunanta masu zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi sun kai har gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, kuma a can Bature Michael Cardew ya gan su a 1950. Da aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a 1952, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Gwanaye irinta ba su yi ƙaranci a ƙasar Gbagyi ba. Abin da ta samu wanda sauran ba su samu ba abu biyu ne: hatimi da kyamara. A gindin kayanta ana buga haruffa biyu, LK, tare da hatimin Abuja da rubutun Larabci. Sannan duk inda aka kai tukwanenta, hotonta na biye: a nune-nunen Berkeley Galleries na Landan a 1958 da 1959 da 1962, da rangadin Amurka a 1972, inda ta riƙa gini a gaban jama'a.

Hotunan nan ba na ado ba ne. Ga ta a sunkuye, ɗankwali a ka, hannu cikin yumɓu, tana zagaya tulun da ƙafa maimakon tulun ya juya mata. Mai saye a Ingila bai taɓa taka Abuja ba, bai san danginta ba, amma ya ga hannun da ya yi aikin, ya yarda, ya biya. Lambar girmamawa ta MBE ta zo a 1963, digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa duk sun yi aiki a cibiyar, kayansu ma sun tsallaka teku, sai dai kyamara ta fi fuskantar mutum ɗaya, don haka yau sai masana ne ke kiran sunayensu. Ladi ta rasu a 1984, amma a watan Maris na 2022 kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko. Galibin hotunan da suka yi mata wannan aiki baƙi ne suka ɗauka, kuma a littattafai da gidajen tarihi na waje suke.

Lokacin da kowa ya san ɗan wane

Sauran masu sana'a a garin ba su buƙaci hoto ba, don suna da abin da ya fi shi. Garin da Sarki Abu Ja ya kafa a 1828, bayan sarautar Haɓen Zazzau ta baro Zariya, gari ne mai ganuwa inda ake sanin mutum da gidansu. Maƙeri ɗan maƙeri ne, mahauci yana ƙarƙashin Sarkin Fawa, masaƙi an san bakin zarensa. In baƙo ya zo da kaya, fatoma ya saukar da shi, dillali ya tsaya masa. Mai neman tela ba allo yake dubawa ba, maƙwabci yake tambaya, a ce masa je wajen wane, ka ce ni na aiko ka. Shaidar mutane ita ce talla, ita ce kuma jingina, don wanda ya ci amana da safe, kafin la'asar labarin ya kai ƙofar gidan surukansa.

Hoto ta ƙofar hukuma ya shigo wa talaka. Takardar makaranta, lasin tuƙi, katin ƙungiya, fasfon aikin Hajji, duk sai da ƙaramin hoto. Mai hoton da dattawan Arewa ke tunawa yana zama ne kusa da ofis ko tasha, da akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Zai zaunar da mutum a benci, ya rataya zane a bango, ya ce kar a motsa, ya cire murfin gilashi ya mayar. Cikin akwatin yake wanke takardar, ta fito fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, ya manna ta a allo ya sake ɗauka, ya ɗauraye a bokiti, ya yanke da almakashi, ya miƙa tun da danshinta.

Daga baya situdiyo suka zo da labule mai zanen jirgin sama ko gidan bene, da furannin roba, da tarho da ba a haɗa da komai ba. Salon ya game Afirka ta Yamma. Solomon Alonge ya buɗe Ideal Photo Studio a birnin Benin a 1942. Seydou Keïta ya buɗe nasa a Bamako a 1948, yana ara wa masu zuwa rediyo da agogo da alƙalami da babur don su fito da kyau. A garuruwan Arewa da yawa, Yarbawa da Ibo ne suka fara riƙe wannan sana'a, 'yan gari suka koya a hannunsu.

Abin lura shi ne, hoton situdiyo ɓoye sana'a yake yi. Tela ya bar keken ɗinki a shago ya zo da babbar riga. Mahauci ya yi wanka ya fesa turare, makanike ya kankare baƙin mai daga farcensa. Ba wanda zai biya kuɗi a ɗauke shi cikin kayan aiki, don hoto na ranar Salla ne da biki da suna, abin da za a aika wa dangi ko budurwa. Ko da hoto mai kala ya yawaita a shekarun 1980, mai hoto yawo yake da kyamara a wuya, ya karɓi kafin alƙalami, ya jira fim ɗinsa mai ɗauka 36 ya cika, ya kai wanki, ya dawo bayan kwanaki. Wani lokaci amsar ita ce hoton ya ƙone, sai haƙuri. Waɗanda ba a zo karɓa ba a jera su a allon ƙofar shago, rana ta yi ta cinsu.

Garin ya cika da baƙi

Dokar da gwamnatin Murtala Muhammed ta fitar ranar 3 ga Fabrairu 1976 ta kafa sabon babban birnin tarayya a kudu da garin. Birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Hukumar gina birnin a Suleja ta fara ya da zango, shi ya sa har yau akwai unguwar da ake kira Field Base. Leburori da magina da 'yan kwangila suka biyo baya. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, tsadar haya ta koro ƙananan ma'aikata zuwa nan, rusau na tsakanin 2003 da 2007 ya ƙaro wasu dubbai. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum sama da 200,000.

Wannan sabon kwastoma daban yake. Yana fita da asuba ya bi ta Madalla da Zuba, ya dawo bayan isha. Bai san Sarkin Fawa ba, bai san ɗan wane ba, maƙwabcinsa ma baƙo ne irinsa. Matarsa tana son mai ɗinki, ƙanwarsa za ta yi aure tana neman mai lalle da mai kwalliya, kuma ba wanda zai ce musu ku je ku ce ni na aiko ku. Nan ne mai sana'a ya fara buƙatar wani abu da zai tsaya masa a gaban wanda bai san shi ba.

Masu fenti ne suka fara cike gurbin: allon mai aski da kawuna huɗu ko biyar, kowanne da salon askinsa, allon mai abinci da kaza a faranti. Sai injin buga banna ya zo ya kwashe musu kasuwa, zaɓe bayan zaɓe kuma ya koya wa kowa cewa fuska a bango tana da tasiri. Amma yawancin bannonin farko da hoton aro aka yi su. Shagon aski a Kwamba ko Maje sai ka ga fuskar mawaƙin Amurka, shagon ɗinki kuma da jarumar fim ɗin Hausa sanye da kayan da telan bai taɓa gani ba. Allon yana cewa ana aski a nan, bai ce komai a kan hannun mai askin ba.

Waya ce ta sauya lissafin. Layukan GSM sun fara aiki a 2001, wayoyi masu kyamara irin su Tecno suka sauko da farashi har suka isa hannun 'yan tireda. WhatsApp ya kawo sitatus a 2017, ya fitar da manhajar 'yan kasuwa a 2018, ya ƙara mata jerin kaya da farashi a 2019. Kullen korona na 2020 ya rufe kasuwanni, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa har mai ƙosai karɓar tiransifa. Daga nan ciniki ya zama abin da ake gamawa ba tare da an haɗu ba: a ga hoto, a tambayi farashi, a ji alat, a ba ɗan acaɓa ko direban mota kaya.

Mata ne suka fi cin moriya. Kasuwancin cikin gida tsoho ne a ƙasar Hausa. Polly Hill ta rubuta a kansa a 1969 daga binciken da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano a shekarun 1970 yadda cinikin matan aure ya dogara da yaran da ke kai talla. Sitatus yanzu shi ne farantin tallar, sai dai ba ya hana yarinya zuwa makaranta, kuma yana isa Wuse da Gwarimpa ba tare da kuɗin mota ba. Mai turaren wuta da humra, mai dambun nama, mai cincin da gireba, mai abaya da mayafi, duk daga tsakar gida suke sayarwa.

Abin da mai hoto ke sayarwa yanzu

Tun da kowa na da kyamara a aljihu, an zaci mai hoto ya gama yawo. Kamfanin fim na Kodak da kansa ya shiga fatara a Janairun 2012, masu wankin fim suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Amma sai ya bayyana cewa riƙe waya daban, sanin haske daban.

A duba yadda ake ɗaukar kayan mai turaren wuta. In ita ta ɗauka, kwalbar tana kan tayil, bayanta ga bokiti da takalmin yaro, filas ya daki gilashin ya maida tsakiyarsa farin tabo. Mai hoto kuwa zai fara da goge kwalbar don kada shatin yatsa ya fito. Zai shimfiɗa farin kwali ya lanƙwasa shi ya hau bango, yadda ba za a ga inda ƙasa ta ƙare ba. Zai kashe ƙwan ɗaki, ya matso da tebur kusa da taga, ya tsayar da wani farin kwalin a ɗaya gefen ya maido da haske. In ana son hayaƙi ya fito, sai a canja bayan ya zama baƙi, a haska kaskon daga baya, don hayaƙin da aka haska daga gaba ɓacewa yake. Daga ƙarshe ya ce ta ɗebi turaren da hannunta, ya ɗauki yatsun da jan lalle a kai. Wannan na ƙarshen ne yakan fi jawo tambayar nawa ne.

Shi kuwa tela, abin da kakansa ya ɓoye shi ake nema ya fito da shi. A rataya masa tef a wuya, a zaunar da shi gaban keke, a bar alli da almakashi a kan tebur, a jera ɗinkakkun kaftani a bayansa amma a ɗan dusashe su don ido ya tsaya a fuskarsa. Ɗauka ɗaya yana kallon kyamara, ɗaya yana kallon allura, ɗaya kuma kusa-kusa a kan aikin wuya yadda za a iya ƙirga zare. Ta farko ta tafi kan hoton lambarsa, ta biyu kan banna, ta uku ga kwastoman da ke son ganin ko layin ɗinkin ya miƙe.

Launi ma aiki ne. Farar shadda a ƙarƙashin ƙwan lantarki rawaya take fitowa, ruwan toka ma ya canja kala, kuma daga nan rigima ke tashi: ba wannan kalar na gani ba. Fatar mutum ta fi wuya. Shekara da shekaru ana daidaita injinan wankin Kodak da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, kuma binciken da Lorna Roth ta wallafa a 2009 ya nuna cewa koke-koken masu cakulan da masu kujerun katako na cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launin ruwan ƙasa. Kamfanin Transsion mai yin Tecno ya gina kasuwarsa a Afirka a wani ɓangare kan kyamarar da aka saita don baƙar fata. Abin dariya, yanzu da na'ura ta koyi ganin baƙin mutum, shi ne ke ce wa mai editin a ɗan haska ni. Ga ango da amarya wannan ba laifi. Ga mai kwalliya kuwa hasara ce, don kwastoma za ta zo da hoton da aka goge kowane ƙurji da kwamfuta, ta ce haka take so a maida ta.

Fuska ko hannu

Ba kowa ke yarda fuskarsa ta fita ba. Malamai sun daɗe suna saɓani kan hukuncin hoto, ko da yake yau wa'azi da kansa a bidiyo ake kallonsa, sanarwar tafsiri kuma da hoton malam take fita. Akwai kunya, akwai miji da bai amince ba, akwai tsoron kambun baka, akwai kuma tsoron da ya fi waɗannan sabunta: a ɗauki hoton mace a buɗe shafin bogi da shi, ko mai kuɗi ya tallata kansa ga masu garkuwa da mutane. Saboda haka salo na musamman ya samu a Arewa. Mai kaya tana nan cikin hoton amma ba ta nan: hannu da lalle yana ɗaure leda, bayan mayafi a gaban murhu, tambari mai harafin farko na sunanta, murya a kan bidiyo tana cewa hajiyata ga sabon kaya ya sauka.

Fuska tana iya ma rinjayar kayan. A farkon 2016, Olajumoke Orisaguna tana tallar burodi a Legas ta gifta inda mai hoto TY Bello ke ɗaukar mawaƙi Tinie Tempah. Hoton ya zagaya duniya, ta hau bangon mujallar ThisDay Style, kamfanoni suka yi ta nemanta. Kyamara ta sauya rayuwarta, amma ba burodin ta sayar ba. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shahara yake nema ba, yana son wanda ya ga hoton ya tuna da kayan, ya kuma san wa zai kama in an samu matsala.

Nan kuma sabuwar cuta ta ɓullo. Hoto mai kyau ba ya kwana a shafin mai shi. Tela a Suleja ya biya an ɗauki ɗinkinsa, bayan mako ya ga hoton a shafin wani a wani gari, an yanke tambarin, an rubuta aikinmu ne. Wasu ma ba su da shago ko kaya, hotunan mutane suke tarawa, su karɓi kuɗi su toshe lamba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta lissafa hoto cikin ayyukan da take karewa, ta kuma tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata a intanet, amma mai ɗinkin da ribarsa ba ta kai kuɗin lauya ba sai dai ya buga tambarinsa a tsakiyar rigar, inda yanke shi zai ɓata hoton. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lamarin, don yanzu ana iya fitar da hoton kek mai hawa biyar ko ɗakin amarya da ba a taɓa yin su ba.

Masu saye sun maida martani da nasu wayon. Hoton da ya cika kyau ya fara jawo zargi, har wasu masu kaya kan haɗa na situdiyo da wanda aka ɗauka da waya a tsakar gida, su rubuta ba editin. Kafin a tura kuɗi sai a ce ɗauko min bidiyo, fito da shi rana, juya in ga bayan, kira sunana a ciki. Ana neman hoton kwastoman da ta saka kayan, da hoton saƙon da ta turo tana godiya, wato dai shaidar maƙwabci ta dawo ta wata hanya. Matasan da ke koyon hoto a Suleja yanzu suna koyon yanka gajeren bidiyo da ɗaukar sauti tare da saita haske, kuma aikin da ake kiransu ya fi yawa a shago da kicin da wurin ɗinki fiye da gaban labule. A gefe guda kuma, tsohon ciniki bai mutu ba: banki da makaranta da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC duk suna tambayar hoton fasfo, kuma shi ne ke biyan kuɗin man janareta a ranakun da ba biki ba oda.